Hoton CT da tabon huhu: abin da na'ura ke gani, da abin da sai majiyyaci ya faɗa

Dattijo ya shekara guda yana fama da busasshen tari. Masallacin da ya saba zuwa da ƙafa ba ya ko jin jiki, yanzu sai ya tsaya a hanya yana haki. Ɗan kakin da aka samu aka gwada bai nuna ƙwayar tarin fuka ba, maganin asma kuma bai yi masa komai ba. Daga ƙarshe likita ya ce a je a ɗauki hoton CT na ƙirji. Aka haɗa kuɗi aka yi, takarda ta fito da Turancin likitoci da wasu haruffa irin su UIP da IPF. Wani likita ya ce sai an gutsuro ɗan naman huhun an duba kafin a san cutar, wani kuma ya ce hoton ya wadatar, a fara magani kawai.

Iyalai da yawa sun sha shiga wannan ruɗani, kuma ruɗanin yana da tushe. Ƙa'idojin da likitocin duniya ke bi wajen karanta irin wannan hoto sun sauya a 2011, suka sake sauyawa a 2018, aka kuma yi musu gyara a 2022. Likitoci biyu da suka yi karatu a lokuta daban-daban na iya duban hoto ɗaya su ba da shawara mabambanta, kowannensu da hujjarsa.

Mene ne tabon huhu?

A cikin huhu akwai miliyoyin 'yan jakunkunan iska. Bangon kowace jaka siriri ne ƙwarai, ta cikinsa iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Akwai cututtuka da dama, an ƙiyasta sun kai ɗari biyu, da ke taɓa wannan bango da naman da ke riƙe da shi. Wasu kumburi kawai suke haddasawa, idan an yi magani ya sauka. Wasu kuwa tabo suke bari. Wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna a gwiwar hannu ya san yadda fatar wurin ke tamkewa ta ƙi miƙuwa. Haka huhun ke zama: ya ƙandare, ya ƙanƙance, ba ya buɗuwa ya ɗauki iska yadda ya kamata, kuma iskar da ta shiga ba ta samun hanyar ratsawa cikin jini da sauƙi. Tabon da ya riga ya kafu ba ya komawa.

Abubuwan da ke jawo shi suna da yawa. Akwai ƙurar dutse da ta asbestos. Akwai ƙurar gashi da kashin tsuntsaye, da fumfunar ciyawa ko hatsin da ya jiƙe. Akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, kamar ciwon gaɓoɓi mai kumbura yatsu da cutar da ke sa fata ta yi tauri. Wasu magunguna ma suna yi, irin su amiodarone na zuciya, nitrofurantoin na ciwon mafitsara idan an daɗe ana sha, da bleomycin na daji. Idan an bincika duk waɗannan ba a ga komai ba, kuma tabon ya ɗauki wani fasali na musamman, shi ne ake kira IPF, wato tabon huhun da ba a san sanadinsa ba. Yawanci yana kama maza 'yan sama da shekara 60, musamman waɗanda suka taɓa shan taba, kuma da wuya a gan shi a ƙasa da shekara 50. Kafin zuwan magungunan zamani, akasarin masu IPF ba sa wuce shekara 3 zuwa 5 bayan an gano cutar.

Likita mai lura yakan fara zargi tun a ɗakin dubawa. Idan ya ɗora abin sauraronsa a bayan majiyyaci can ƙasa, sai ya ji wani ƙaras-ƙaras mai laushi a ƙarshen jan numfashi, a ɓangarorin biyu. Wasu majiyyatan kan yatsunsu ya kumbura, farce ya lanƙwashe. Amma ciwon zuciya ma yana ba da irin wannan ƙara, don haka kunne kaɗai ba ya yanke hukunci.

Me ya sa hoton ƙirji na yau da kullum bai isa ba?

Hoton ƙirjin da aka saba ɗauka a asibitocinmu inuwa ce guda ɗaya. Haƙarƙari da zuciya da jijiyoyin jini da huhun gaba da na baya duk sun hau kan juna. A farkon cutar hoton na iya fitowa lafiya lau. Idan ta yi nisa yana nuna cewa akwai matsala, amma ba ya iya bambance irinta.

Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971, tana zagaya jiki ne tana ɗaukar hoto daga kowace kusurwa, kwamfuta kuma ta haɗa su ta fitar da jikin yanka-yanka. Sai dai ba kowane hoton CT na ƙirji ne ke amfani a nan ba, kuma wannan shi ne wurin da kuɗin mutane ya fi salwanta. Hoton CT na gama-gari yana iya yin yanka mai kaurin milimita 5 ko fiye. Abubuwan da ake nema a tabon huhu kuwa ƙanana ne, yanka mai kauri yana haɗiye su. Wanda ake buƙata shi ne mai siririn yanka, wanda likitoci ke rubutawa HRCT, kuma ƙa'idar 2018 ta ce kada kaurin ya wuce milimita 1.5. Na'urar ɗaya ce, saitin ne ya bambanta. Idan likitan da ya tura majiyyaci bai rubuta abin da yake zargi ba, mai ɗaukar hoto zai yi abin da ya saba.

Aikin kansa ba shi da wahala. Ba a buƙatar allurar ruwan nan da ake ɗurawa a jijiya, kuma yawanci ba sai an hana mutum cin abinci ba. Majiyyaci zai kwanta rigingine, hannuwa a sama, a ce ya ja numfashi iya ƙarfinsa ya riƙe na 'yan daƙiƙu. Sau da yawa a sake ɗauka bayan ya fitar da numfashin, domin a ga ko akwai sassan da iska ke maƙalewa. Wani lokaci a ce ya kife, saboda idan mutum yana rigingine bayan huhunsa kan ɗan lotse da nauyinsa har ya yi kama da tabo. In ya yi rub da ciki, lotsewar ta ɓace, tabo na gaskiya kuwa yana nan inda yake.

Riƙe numfashin nan shi ne rabin aikin. Huhun da bai cika da iska ba yana fitowa da hazo-hazo, a ɗauka kumburi ne alhali babu. Na'urori da yawa suna ba da umarnin da muryar da aka naɗa da Turanci, tsohon da bai ji ba kuwa sai ya ci gaba da numfashinsa, ko ya ja bayan an gama. Minti biyu na gwaji da Hausa kafin a kwanta, “Baba, ja sosai, riƙe, kada ka saki sai na ce”, yana iya raba hoto mai amfani da wanda sai an sake biya.

Abin da likitan hoto ke nema

Abu biyu yake dubawa tare: siffar lalacewar, da wurin da ta zauna.

Siffa ta farko ita ce zare-zare masu kama da raga, alamar bangon jakunkunan iska ya yi kauri. Ta biyu ita ce hanyoyin iska da suka buɗe suka karkace saboda tabon da ke gefensu yana jan su. A huhu mai lafiya ba a ganin hanyar iska can gefe kusa da haƙarƙari, don haka ganinta a wurin a buɗe shaida ce ta tabo. Ta uku ita ce wadda likitoci ke kira saƙar zuma: 'yan ramuka masu kaurin bango, galibi milimita 3 zuwa 10, a jere a kan juna, manne da tantanin da ya lulluɓe huhu. Sai hazo-hazo, inda huhun ya yi toka-toka amma har yanzu ana hango jijiyoyin jini ta cikinsa. Wannan na iya zama kumburi mai warkewa, yana kuma iya zama tabo mai laushi sosai. Idan hanyoyin iska a cikin hazon sun karkace, tabo ne.

Wuri kuma yana magana. Fasalin da ake kira UIP, wato raga da karkatattun hanyoyin iska da saƙar zuma, yana zama ne a gindin huhu da gefe-gefensa, a ɓangarorin biyu, ba a shimfiɗe bai ɗaya ba: nan ya lalace, kusa da shi lafiya. Tabon da ƙurar tsuntsaye ko fumfuna ke jawowa yakan zo da huhu mai dabbare-dabbare, wani sashe baƙi, wani toka, wani daidai, kuma hoton fitar numfashi yana nuna iska ta maƙale a wurare da dama. Na cututtukan garkuwar jiki sau da yawa hazo ne a gindin huhu, har ya bar wani siririn layi mai lafiya a can gefe. Ƙurar dutse tana son saman huhu, da 'yan ƙulle-ƙulle waɗanda kan dunƙule su zama manyan gaɓoɓi, da kaluluwar ƙirji mai ɓawon ƙashi. Asbestos yana barin faci-faci masu tauri a jikin tantanin huhu. Tarin fuka shi ma saman huhu yake ci, ya bar kogo da tabon da ke janyo huhun sama, sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya.

A nan ake yawan kuskure. UIP sunan fasali ne a hoto, IPF kuma sunan cuta. Mai ciwon gaɓoɓi na iya samun UIP sak. Haka wanda ya shekara ashirin yana shaƙar ƙurar tattabaru, haka wanda ya yi aiki da asbestos. Kama da wane ba ta wane. Takardar da ta ce UIP ba ta ce IPF ba tukuna, sai an gama tambaya da gwajin jini an rasa wani sanadi.

Rukunai huɗu da taƙaddamar yanko naman huhu

Ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da Turai da Japan da Latin Amurka sun fitar da ƙa'ida ta haɗin gwiwa a 2011. Ita ce ta tabbatar da cewa idan hoto ya nuna cikakken UIP mai saƙar zuma, kuma ba a ga wani sanadi ba, ba sai an yi tiyata ba. Wanda hotonsa bai kai haka ba kuwa, hanyar tabbatarwa ita ce a shiga ƙirji a yanko ɗan naman huhu a duba a madubin likita.

Matsalar ita ce mutane da yawa masu IPF ba su da saƙar zuma a hotonsu, ita kuma tiyatar ba wasa ba ce. Wani babban nazari na bayanan asibitocin Amurka da aka buga a 2016 ya nuna cewa kashi 1.7 cikin 100 na waɗanda aka shirya musu tiyatar a natse sun rasu a asibiti, waɗanda aka yi musu cikin gaggawa kuwa kashi 16. Tiyatar tana kuma iya tayar da cutar ta yi tsanani farat ɗaya. Waɗanda ake son yi wa ɗin kuma galibi tsofaffi ne masu guntun numfashi.

A 2018 ra'ayi biyu suka fito kusan lokaci guda. Ƙungiyar Fleischner, wadda ta tara ƙwararrun hoton ƙirji da likitocin huhu, ta ce idan hoto ya nuna raga da karkatattun hanyoyin iska a gindi da gefen huhu, ko da babu saƙar zuma, kuma majiyyacin ya dace da siffar mai IPF, to a kira cutar da sunanta ba tare da wuƙa ba. Ƙungiyoyin nan huɗu kuma, a sabuwar ƙa'idarsu ta wannan shekarar, sun raba hoto gida huɗu: tabbataccen UIP, mai rinjayen zama UIP, wanda ba a iya tantancewa, da wanda ke nuna wata cuta dabam. Amma a rukuni na biyu sun ci gaba da karkata ga yanko nama, ko da yake sun ce shawara ce mai sharaɗi.

Kowane ɓangare yana da abin da yake gudu. Masu son a duba nama suna gudun a liƙa wa mutum IPF alhali cutarsa mai sanadi ce da za a iya kawarwa, kamar ta ƙurar tsuntsaye, ya ci gaba da zama cikin abin da ke kashe shi. Masu cewa hoto ya isa suna gudun a jefa tsoho cikin haɗarin tiyata domin tabbatar da abin da tuni aka kusa sani, tunda nazarce-nazarce sun nuna akasarin masu rukuni na biyu in an duba namansu UIP ake samu, kuma cutarsu tana tafiya iri ɗaya da ta masu saƙar zuma.

Gyaran 2022 ya matso da ɓangarorin kusa. An bar rukunan huɗu yadda suke, aka kuma danganta kowanne da gwargwadon yaƙini: sama da kashi 90 cikin 100 ga na farko, 70 zuwa 89 ga na biyu, 51 zuwa 69 ga na uku, 50 ko ƙasa ga na huɗu. Amma a aikace an yarda a ɗauki rukuni na biyu kamar na farko idan labarin majiyyacin ya dace, bayan likitoci sun zauna sun tattauna. An kuma amince da wata hanya mai sauƙi a kan tiyata, inda ake zura bututu ta maƙogwaro a daskarar da ɗan nama a ciro shi, a cibiyoyin da suka ƙware a kai. Ita ma tana da haɗarin zubar jini da hujewar huhu, kuma naman da take kawowa ƙarami ne.

Zaman tattaunawar nan, tsakanin likitan huhu da likitan hoto da mai duba nama, wani lokaci har da likitan gaɓoɓi, shi ne abin da duk ƙa'idojin suka ɗauka a matsayin alƙali. Dalili kuwa shi ne hatta ƙwararrun masu karanta hoto suna saɓawa da juna a kan ko abin da suke gani saƙar zuma ce. Ramukan da taba ke yi a huhu, idan suka haɗu da tabo, suna iya rikitar da ido.

Sunan cuta yana juya magani

Da a ce maganin duk tabon huhu ɗaya ne, da wannan taƙaddama ba ta dami kowa ba. Shekaru da dama likitoci suna ba masu IPF magungunan danne garkuwar jiki, a kan zaton kumburi ne tushen cutar. Gwajin da ake kira PANTHER a Amurka ya rusa wannan. An ba wani rukuni haɗin prednisone da azathioprine da acetylcysteine, wani rukunin kuma maganin da ba komai a cikinsa. A 2011 aka dakatar da haɗin tun gwajin bai ƙare ba: mutum 8 sun rasu a cikin masu shan sa, 1 a ɗaya rukunin, waɗanda aka kwantar a asibiti kuma 23 da 7. Irin waɗannan magunguna kuwa su ne ake amfani da su, kuma suna taimakawa, a wasu cututtukan huhu na garkuwar jiki da na ƙurar tsuntsaye mai kumburi. Abin da ke taimakon wannan yana cutar da wancan, ga shi hotunansu na iya yin kama.

A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da pirfenidone da nintedanib domin IPF. Ba sa warkar da tabo, amma suna rage saurin raguwar ƙarfin huhu da kusan rabi. Nintedanib yana yawan sa gudawa. Pirfenidone yana sa tashin zuciya, yana kuma sa rana ta ƙona fata, abin da manomi ko ɗan kasuwa a ƙasa mai zafin rana ya kamata a gaya masa tun ranar farko. Dukansu suna buƙatar a riƙa duba hanta.

Sai kuma wani sauyi da ya rage nauyin suna ta wata fuska. Gwajin INBUILD da aka buga a 2019 ya tara mutum 663 masu tabon huhu iri-iri wanda ba IPF ba amma yana ci gaba da yaɗuwa. Masu shan nintedanib sun rasa kimanin mililita 81 na iskar da huhunsu ke iya fitarwa a shekara, sauran kuma kimanin 188. Daga nan ƙa'idar 2022 ta fito da ma'anar tabo mai ci gaba: abu biyu cikin uku a cikin shekara guda, wato numfashi ya ƙara taɓarɓarewa, gwajin busa, wanda ake hura iska cikin na'ura a auna ƙarfin huhu, ya nuna raguwa, ko sabon hoto ya nuna tabon ya ƙaru. Wannan ya sa hoton farko ya zama ma'auni. Wanda ya jefar da shi ya rasa abin da za a kwatanta na biyu da shi.

Tarin fuka, tattabara da dutse

An tsara waɗannan ƙa'idoji ne a ƙasashen da tarin fuka ya yi ƙaranci. A Najeriya, wadda ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, duk mai tari na watanni da rama da hoton ƙirji mara kyau, tarin fuka za a fara zarga, kuma daidai ne a fara da shi: ya fi yawa nesa ba kusa ba, yana yaɗuwa, yana warkewa, maganinsa kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Inda ake samun matsala shi ne idan gwajin kaki na GeneXpert, mai neman ƙwayar tarin fuka, bai nuna komai ba, aka ba da maganin wata shida a kan zato, ba a ga sauƙi ba, sannan aka sake wani zagayen maimakon a tsaya a tambayi ko cutar dabam ce. A nan ne hoton CT mai siririn yanka ya fi cancantar kuɗinsa. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya warke daga tarin fuka ya rage da tabo a saman huhu, a tsorata shi da sunan IPF, alhali nasa tabon ya tsaya inda yake kuma magungunan nan masu tsada ba domin shi aka yi su ba.

Kiwon tattabaru tsohuwar al'ada ce a gidajen Hausawa, ga kuma kiwon kaji da ya yawaita a bayan gida. Akasarin masu kiwon ba abin da ke samunsu. Amma ga wanda jikinsa ya ƙi ƙurar, share ɗakin tattabaru kowace safiya, ƙura na tashi daga busasshen kashi da gashi, ya isa ya lalata huhu a hankali cikin shekaru. Haka buɗe rumbun da damshi ya shiga, ko jujjuya harawar da ta yi fumfuna. Majiyyaci ba ya kawo wannan magana da kansa, domin bai ga alaƙarta da tarinsa ba. Matar gida da ita ce ke sharar ma ba a ɗaukarta mai kiwo. Idan likita bai tambaya ba, hoton da ya yi kama da UIP zai tafi da sunan IPF, mutum ya koma gida ya ci gaba da shara. Raba shi da tsuntsayen kuwa shi ne matakin farko na magani.

Masu fasa dutse da masu haƙar rijiya da masu haƙar zinare suna da nasu haɗarin. Duniya ta san ƙauyukan Zamfara ne saboda gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, amma dutsen da ake niƙawa a busasshe a inji yana ɗauke da ƙurar da ke sa tabon huhu, wanda kan bayyana shekaru bayan an bar aikin. Wannan tabo kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, sau da yawa a sami biyun a huhu ɗaya. Masu sikila da suka sha fama da ciwon ƙirji su ma kan tara tabo a gindin huhu. Duk waɗannan suna nuna cewa a yankinmu kalmar “ba a san sanadi ba” tana buƙatar doguwar tambaya kafin a furta ta.

Haɗari, kuɗi da abin da ya rage ga iyali

Ana yawan tambaya game da hasken da na'urar ke fitarwa. Hoton ƙirji na yau da kullum yana kusa da 0.1 a ma'aunin milisibat, ƙa'idar 2018 kuma ta nemi a riƙe hoton tabon huhu tsakanin 1 zuwa 3. Abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara, a matsakaicin duniya, kimanin 2.4 ne. Ga dattijon da numfashi ya gagara, amfanin ya rinjayi haɗarin. Mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin a fara. Maimaita hoton kowane wata biyu ko uku ba shi da dalili. Gwajin busa, mai arha kuma ba haske, shi ne abin bibiya na yau da kullum.

Akwai kuma waɗanda aka yi musu CT don wani dalili dabam, aka ga ɗan zare-zare a gindin huhu ba tare da suna jin komai ba. Ƙungiyar Fleischner ta ba wannan yanayi suna da tsarin bibiya a 2020. Wasu yana ƙaruwa a kansu a hankali, wasu ya tsaya. Shawarar ita ce a yi gwajin busa, a bar taba, a sake dubawa bayan wani lokaci, ba a fara magani a kan hoto kawai ba.

A arewacin Najeriya da Nijar na'urorin CT sun taru ne a manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyi masu zaman kansu na birane, kuma yawanci daga aljihu ake biya, ga kuɗin mota da masauki ga wanda ya zo daga ƙauye. Likitocin hoto da suka ƙware a ƙirji kaɗan ne, yanko naman huhu ba ko'ina ake yi ba, magungunan rage tabo kuma sun fi ƙarfin yawancin gidaje. Ta wata fuska sauyin 2022 ya yi wa irin wannan yanayi daidai, tunda ya rage dogaro da tiyata. Ta wata fuskar kuma ya ɗora nauyin duka a kan ingancin hoto da zurfin tambaya, waɗanda su ne suka fi rauni inda likita ɗaya ke duba mutane da yawa a yini.

Abin da iyali ke iya yi a nan yana da tasiri. Su tabbatar takardar turawa ta ambaci siririn yanka da cutar da ake zargi. Su karɓi hoton a faifai ko filas, domin 'yan hotunan da ake bugawa a leda zaɓaɓɓu ne kawai, likita na biyu ba zai iya bin huhun daga sama zuwa ƙasa da su ba. Su zo da tsofaffin hotuna da duk kwalayen magungunan da majiyyaci ke sha, har da na gargajiya. Su lissafa ayyukan da ya yi tun yana saurayi, da dabbobi da tsuntsayen da ke gidan, da ko wani ɗan uwa na jini ya taɓa irin wannan ciwo, domin akwai tabon huhun da ke bin dangi. A faɗi taurin yatsu da safe, bushewar ido da baki, ko sauyin fata, ko da ba a tambaya ba.

Ko magungunan masu tsada ba su samu ba, sanin ainihin cutar yana hana a ci gaba da shan maganin tarin fuka ko prednisolone, mai danne garkuwar jiki, ba gaira ba dalili. Yana kuma buɗe hanyar abin da ake iya yi: raba majiyyaci da ƙurar da ke cutar da shi, barin taba, allurar rigakafin cututtukan ƙirji, motsa jiki a ƙarƙashin kulawa, da iskar oksijin idan gwaji ya nuna ta yi ƙasa a jininsa.